Wa ke da haƙƙin ganin fuskar kafin a sa wuƙa?

Ƴan uwa ɗalibai, Bahaushe ya ɗora wa kalmar fuska kaya mai nauyi. Mai yi maka maraba ya saki fuska, mai jin haushinka ya ɗaure ta. Mai wulaƙanci ya ci fuska, munafuki yana da guda biyu, labarin zuciya kuwa an ce a tambayi fuska. To, yaron da ciwo ya cinye wa kunci da leɓe fa? Ya rasa abin da jama'a ke karanta shi da shi. Shi ya sa batun gyaran fuska ya shafe mu, mu masu nazarin harshe, kamar yadda ya shafi masu karatun likita.

Ciwon da nake nufi shi ne noma. Sunan ya yi kama da noman gona, amma asalinsa Girkanci ne, daga kalmar da ke nuna cinyewa. Yakan fara da kumburin dasashi, galibi ga yara ƴan shekara 2 zuwa 6 da tamowa ta raunana, cikin ƴan kwanaki ya huda kunci ya kai ga ƙashi. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 1998, yara 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa in ba magani. Wanda ya tsira sau da yawa muƙamuƙinsa kan ƙage, cin abinci da magana su gagare shi. A nan Damagaram, ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis tana kula da irin waɗannan yara tun 1992, masu rauni mai tsanani har Janeba akan kai su aiki. Sakkwato ma tana da asibitin noma tun 1999.

A manyan asibitocin duniya, masu gyaran fuska sun samu kayan aiki biyu. Na farko samfurin ƙashi na roba. Na'urar sikana takan ɗauki hoton kai yanka-yanka, kwamfuta ta haɗa, wata na'ura ta zuba roba bene-bene har ƙoƙon kan mutum ya fito a riƙe shi a hannu. Idan gefe ɗaya ya lalace, sai a juya hoton gefen lafiya kamar a madubi. A kan samfurin likita ke lanƙwasa ƙarfen da zai ɗaura, ya auna ƙashin da zai ciro daga ƙafa, tun kafin a sumar da majinyaci. A 2014, asibitin Morriston na garin Swansea a Birtaniya ya bi wannan hanya ya gyara fuskar wani da ya yi hatsarin babur. Na biyu tabarau ne mai ɗora hoto a kan zahiri: likita yana kallon jikin majinyaci, yana kuma ganin hoton ƙashi da jijiyoyin jini a kan fatar. A 2018 likitocin asibitin St Mary's na Landan sun bayyana yadda suka yi aiki da tabarau na HoloLens wajen rufe raunukan ƙafa.

Dukansu na taimakon likita. Amma ku lura: abin da ke cikin tabarau, mai sanye da shi ke gani. Samfurin roba kuwa daga hannu zuwa hannu yake tafiya, har ya kai hannun uwa. A ganina, ranar da waɗannan kaya za su zama ruwan dare a wajenmu, wannan bambanci ne ya kamata mu fara dubawa.

Mu ɗauki uwa daga karkarar Mirriya ko Matamai. An miƙo mata takardar yarda da Faransanci, tafinta ya ce, «Za a gyara shi.» Kalmar gyara nan, da ita ake gyaran babur, gyaran miya, gyaran hali. Ita abin da ta ji shi ne ɗanta zai koma yadda yake. Likita kuwa yana nufin yaro zai iya buɗe baki ya ci tuwo, watakila bayan aiki biyu ko uku, kuma tabo zai zauna. Ta dangwala yatsa. Shin wannan yarda ce? Mutum ba ya yarda da abin da bai fahimta ba, sai dai ya sallama. In an sa mata samfurin a hannu, ta taɓa gurbin da yatsa, ta ce, «Nan fa, da mi za ku cike?», to magana ta fara. Gani ya kori ji.

Wani zai ce za a tsorata ta, a bar likita da aikinsa. Haba! Matar da ta yi watanni tana wanke raunin da hannunta, roba ce za ta firgita ta? Abin da ya fi cancanta a ji tsoro shi ne samfurin ya yi ƙarya. Kwamfuta tana iya zana fuska sumul, amma nama ba roba ba ne: tabo yana tsukewa, yaro yana girma, kuma ba ɗan Adam da gefen fuskarsa biyu suka yi daidai ƙwabo da ƙwabo. Nuna wa talaka kyakkyawan hoto alkawari ne, alkawari kuma kaya ne. Don haka haƙƙin gani yana tafe da haƙƙin jin iyakar abin da wuƙa za ta iya. Kuma idan mai fuskar ya yi wayo, shi ma a miƙa masa samfurin, tunda shi zai fita da fuskar kasuwar Dole gobe. Garin da ya taɓa ware kutare can Kara-Kara ya san yadda ake yanke wa mutum hukunci ba a tambaye shi ba.

Mu fa, ina namu aikin? Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Kalmomin da za a bayyana dashen ƙashi, ƙagewar muƙamuƙi da tsukewar tabo da su, a Hausa da Barbarci da Fulatanci da Buzanci, ba injin da zai bugo mana su. Mu za mu zauna da ma'aikatan lafiya da iyaye mata mu tace su. Akwai ma jimlar da ta riga duk waɗannan muhimmanci: dasashin yaro in ya kumbura yana jini yana wari, a kai shi likita yau. A wannan mataki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ciwon. A Disamba 2023 OMS ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Ku faɗi wannan jimla a fada, a tsangaya, a gidan suna, da harshen da mai saurare ke ji.