Dutsen Siminti: Gwaninta Ce Ko Ƙarya?

Duk wanda ya taso a ƙasar Doguwa ba a yi masa bayanin dutse. Duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, masana sun ce sun haura shekara miliyan 150 a tsaye. Shi ya sa ranar da na jingina da wani ƙaton dutse a farfajiyar wani otal a Kano, na ƙwanƙwasa shi na ji yana amsawa kamar ganga, sai raina ya ɓaci. Ashe rodi ne aka lanƙwasa, aka lulluɓe da ragar waya, aka yaɓe da siminti, aka bi shi da fenti har da tsaga da tabon ruwa. Tun ran nan nake tambayar kaina, shin maginin nan ƙarya ya yi mini?

Wannan sana'a dai ba sabuwa ba ce. A ƙarni na 19 akwai gidan su James Pulham a Ingila, waɗanda kan tara bulo da ɓaraguzai su shafe su da wani irin siminti, sai ka rantse fa ne. Aikinsu yana nan a lambun Battersea na birnin Landan. A ƙasar Sin kuwa, tun 1995 wani mai sassaƙa, Zhan Wang, ya ɗauki wata hanya dabam. Yakan shimfiɗa fallen ƙarfe marar tsatsa a kan dutse na gaske, ya yi ta bugu da guduma har ƙarfen ya ɗauki kowane lungu na dutsen, sa'an nan ya ɓamɓare, ya haɗa, ya goge har ya zama madubi. Nasa ba ya ruɗin kowa, ga siffar dutse, ga fuskarka a ciki.

To, 'yan'uwa ɗalibai, mene ne ƙarya? A ganina ba kamanni ba ce, don Bahaushe ya riga ya ce kama da wane ba ta wane. Ƙarya tana bukatar wanda ya ba da amana aka ci. Mai zuba wa nono ruwa ya yi algus, don kuɗin nono ya karɓa. Maginin otal ɗin kuwa, wanda ya sa shi aiki ya san abin da ya saya, ni kuma ban yi asarar ko kwabo ba sai ɗan girman kai. Ta fuskar addini ma, abin da malamai suka tsananta a kai shi ne surar mai rai, dutse kuwa ba ya cikin wannan. Saboda haka na wanke shi, har ma na sara masa, don sai wanda ya zauna ya ƙura wa dutse ido ya san ta inda ruwa ke bi ya bar tabo.

Amma fa zuciyata ba ta kwanta ba, ga kuma dalili. Simintin nan daga farar ƙasa ake yinsa, watau dutse ne aka niƙe aka ƙone, kamar yadda ake yi a Kalambaina ta Sakkwato. Tsakuwar da ake kwaɓa shi da ita kuma, fa ne aka sa wa nakiya. Ashe ke nan sai an kashe dutse na gaske kafin a haifi na jabu. Abin da nake tsoro shi ne, idan muka saba cewa ana iya ƙera dutse cikin mako biyu, ranar da aka fasa wanda kakanninmu suka fake a bayansa lokacin hari, ba mai jin an yi rashi. Dutsen siminti ba ya riƙe ruwa a kwarminsa har rani ya yi nisa, rema ba ta zama a cikinsa, ba shi kuma da sunan da tsofaffi za su ba da labarinsa.

Watakila a nan ne Zhan Wang ya fi Pulham gaskiya, don nasa yana tura ka neman na asali. Na otal ɗin nan kuwa, na ga yara 'yan birni suna hawansa ana ɗaukarsu hoto. Na tambayi ɗaya ko ya taɓa ratsa dajin Falgore ya ga duwatsun kudu, ya ce ina ne nan.