Mutumin da Rubutunsa Ya Gagare Shi

A shekarar 1919, wani matashin malami ɗan Ingila mai suna J.R.R. Tolkien yana aiki a ƙamus ɗin Turanci na Oxford. A shekarar ce ya fara rubuta abubuwan da ke faruwa da shi kullum a wani littafi nasa na sirri, sai dai da haruffan da shi kansa ya ƙaga. Wannan rubutu shi ake kira Sarati. A cikin labaransa ya jingina ƙirƙirarsa ga wani masani mai suna Rumil, ya kuma yi amfani da shi wajen rubuta Kwenya, harshen da ya ƙaga wa mutanen duniyar da ke cikin littattafansa.

Sarati yana da tsari mai kyau. An fi rubuta shi daga sama zuwa ƙasa, kamar rubutun Mongol na gargajiya. Kowane cikakken harafi baƙi ne, wasulla kuwa ƙananan alamomi ne da ake liƙawa a gefe. Wasalin da ke hagun baƙi ana furta shi kafin baƙin, na dama kuma bayansa. A rubutun Kwenya sau da yawa ba a sa alamar "a", domin ita ta fi yawa a harshen, mai karatu ne zai cike ta da kansa. Duk wanda ya yi karatun allo ko ya saba da ajami ba zai ga baƙon abu a nan ba, tunda mu ma baƙaƙe muke fara jerawa, sannan mu yi musu wasali.

Abin da ya sa na ɗauko wannan labari shi ne abin da ya biyo baya. Tolkien ya yi ta gyara haruffan nan, yau ya sauya siffar wannan, gobe ya ba wancan wani sauti. Humphrey Carpenter, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ba da labarin cewa daga baya karanta shafukan farko ya koma yi masa wuya. Babu wanda ya sace littafin, tawadar ba ta goge ba. Mai shi ne ya kulle ƙofa ya sauya makulli.

Tambayar ke nan: wanda ya ƙirƙiri abu, ya kafa masa ƙa'ida da kansa, dole ne ya bi wannan ƙa'idar? Wani zai ce a'a. Harshen nasa ne, haruffan nasa ne, babu al'ummar da za ta cutu in ya juya wasalin hagu ya koma dama. Wannan magana tana da ƙarfi, domin ba a yin gwaninta ba tare da gyara ba. A cikin labarin ma, Feyano ya zo bayan Rumil ya fito da sabon rubutu, Tengwar, wanda ya fi shahara a littafin The Lord of the Rings da ya fito a 1954 da 1955.

Amma ni ina ganin an manta da mutum guda a wannan lissafi. Duk rubutu yana da mai karɓa, ko da littafin sirri ne. Mai karɓar shi ne kai ɗin nan bayan shekara goma, lokacin da ka manta abin da ke ranka a daren da ka riƙe alƙalami. Wannan mutumin ba ya nan da za a yi shawara da shi, kuma ba shi da abin dogaro sai ƙa'idar da ka bar masa. Idan ka ce alamar dama tana zuwa bayan baƙi, ka ɗauki alkawari ke nan, kuma alkawari kaya ne ko da kanka ka yi wa.

Wannan bai tsaya ga harsunan ƙirƙira ba. Duba wayarka. Sau nawa muke rubuta "baki" muna nufin "baƙi", ko "kasa" muna nufin "ƙasa"? Mukan ce ai wanda aka aika wa zai gane. Sau da yawa yakan gane, saboda ya san zancen da ake ciki. Amma saƙo yakan fi zancen daɗewa. Yaron da ke koyon karatu a yau, ko jikan da zai buɗe takardar bayan babu mu, ba shi da wanda zai tambaya. Lanƙwasar da muka yi ƙyuyar sawa, shi zai biya kuɗinta.

Ba ina cewa a daskarar da rubutu ba ne. Ƙa'ida tana tsufa, kuma gyara ta halas ne. Sharaɗin kawai shi ne wanda ya sauya ta ya bar mabuɗi: ya rubuta a wani wuri cewa da haka ake yi, yanzu kuma haka. Mai ƙirƙira yana da ikon yin sabon abu yadda ya ga dama. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya bar wanda ya amince da tsohuwar maganarsa a tsaye bakin ƙofa, ko da kuwa wanda ke tsayen shi ne da kansa.