An Rubuta, Amma Wa Ke Buɗe Shafin?

A lungunan Nima da Maamobi, idan yaro mai sikila ya kwana yana kukan ciwon ƙashi, abin da maƙwabta kan faɗa wa uwarsa shi ne: "Sai haƙuri, a jininsa yake." Gaskiya suka faɗa. To amma gado hukunci ne da ba a ɗaukaka ƙara a kansa?

Ƙwayar ido da ƙwayar hanta littafin gado ɗaya suke ɗauke da shi, wato DNA. Abin da ya bambanta su shi ne wasu furotin da ke zama a kan littafin kamar masu gadi, su buɗe wannan shafi, su rufe wancan. Su ma masu gadin ba gaban kansu suke yi ba: wani sai saƙo ya iso masa yake kama aiki, wani kuwa ƙwayar ce ke rusa shi da zarar buƙata ta wuce.

Dubi sikila. Jariri yakan yi watanninsa na farko lafiya, domin sinadarin jinin da ya fito da shi daga ciki yana hana ƙwayoyin jininsa lanƙwashewa. Sannu a hankali wani mai gadi, BCL11A, ya rufe shafin wannan sinadari, wajen wata shida ciwo ya fara bayyana. Shafin bai goge ba, rufe shi aka yi. Maganin hydroxyurea yana ɗan sake buɗe shi. A 2023 kuwa Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, wanda ke raunana mai gadin a ƙwayoyin ɓargo. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2.

A Ghana, kusan jarirai 2 cikin 100 da cutar ake haihuwarsu. Ashe ɗan Zango masu gadi biyu gare shi: ɗaya a jini, ɗaya a aljihu. Na jini ba mu muka ɗora shi ba. Na aljihu kuwa aikin mutane ne, kuma mutane za a tambaya.

Wani zai ce talaka ina shi ina dala miliyan? Haka ne. Sai dai tun 1995 Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a Kumasi, kuma asibitin masu sikila yana nan a Korle Bu. Gwajin jini kafin aure, gwajin jariri, gidan sauro da shan magani a kan lokaci ba su fi ƙarfinmu ba.

Haƙuri ya dace da abin da ba shi da mabuɗi. Wanda mabuɗi ke hannunsa ya zauna, sakaci ya yi, ko da ya kira shi ƙaddara.