Mota ta tsufa, an sake ƙarafunta: ita ce dai ko wata ce?

Ɗan'uwa mai karatu, ɗauki hauyar da ka gada wurin mahaifinka ka duba ta. Ƙotarta ta karye sau biyu, ka sake. Ruwanta ya cinye, ka kai wa maƙeri ya ƙera wani. Duk da haka in aka tambaye ka, sai ka ce: hauyar babana ce. To, mene ne na babanka da ya rage a jikinta? Wannan tambaya ƙarama ce a baki, amma ta daɗe tana ba masu tunani wuya. Yau za mu bi ta har ƙasar Amurka, wurin masu raya tsofaffin motoci, mu ga yadda take kama su.

Ga asalin labarin. A shekara ta 1964, kamfanin Pontiac ya ɗauki mota matsakaiciya ya sa mata babban inji mai silinda 8, mai girman lita 6 da ɗoriya. Aka sa mata suna GTO. Cikin shekara guda an sayar da fiye da dubu 32. Wasu kamfanoni na birnin Detroit da kewayensa suka bi sawu. Ford ya fito da Mustang a 1964, Dodge ya yi Charger, Chevrolet ya yi Camaro. A 1970 akwai Chevelle mai injin lita 7 da ɗoriya, ƙarfin doki 450. Don ka gane girmansa, Peugeot 504 da ka saba gani silinda 4 gare ta, injinta wajen lita 2. Amurkawa suka laƙaba wa irin waɗannan motoci sunan da ke nufin masu ƙwanji.

Zamaninsu bai daɗe ba. Samari suna gudu da su suna haɗari, kuɗin inshora ya hau. A 1970 gwamnatin Amurka ta tsananta dokar rage hayaƙi. Sa'annan a watan Oktoba na 1973, ƙasashen Larabawa masu mai suka hana sayar wa Amurka, mai ya yi tsada, ya yi wuya. Motar da kan sha lita 20 ko fiye cikin kilomita 100 ta zama kaya. Aka yi ta yasar da su a bayan gida da cikin rumfunan gona. Kamfanin Pontiac ma da kansa an rufe shi a 2010.

Amma waɗanda suka yi samartaka da motocin nan ba su manta ba. Su da ƴaƴansu suka koma neman su. Mutum ya sami guda kaji suna kwana cikinta, ya ja ta zuwa gida, ya shekara uku ko biyar yana aiki kanta.

Aikin ba wasa ba ne. Babban abokin gabarsa tsatsa. A arewacin Amurka ana zuba gishiri kan hanya lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Gishirin nan da ruwa su ke cin ƙarfen ƙasan mota. Mai gyara ya kan kwance motar duka, ya ɗaga jiki daga kan ƙashinta, ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, ya yi waldar sabo. Ya buɗe inji ya sake abin da ya cinye. Robobi da tiyo sun bushe sun tsage, a sake su. Wayoyin wuta sun lalace, a sake su. Kujeru, gilashi, fenti, duk haka. Man da aka yi injin dominsa yana da dalma a ciki, an kuwa hana shi don dalma guba ce. Saboda haka wasu kan sake mazaunin bawul na inji da ƙarfe mai tauri, don ya jure man yanzu. Yau ma akwai masu ƙera sabon jikin Mustang ko Camaro gaba ɗaya, ka saya ka ɗora.

To, ka ga inda muka iso. In an sake jiki, an sake inji, an sake kujeru, motar 1968 ce ke tsaye a gabanka, ko sabuwa ce mai kama da ita?

Girkawan dā sun yi wannan gardama. Wani marubucinsu, Fulutak, wanda ya rayu wajen shekara 1900 da suka wuce, ya ba da labarin jirgin ruwan wani jarumi mai suna Tesiyas. Mutanen birnin Atina sun adana jirgin shekara da shekaru. Katakon da ya ruɓe su cire, su sa sabo. Masana suka rabu biyu. Wasu suka ce jirgin nan ne dai, wasu suka ce ya zama wani. A 1655 wani masanin Ingila, Thomas Hobbes, ya ƙara wa maganar nauyi. Ya ce a ɗauka wani ya bi yana tsince tsofaffin katakan da aka yar, ya haɗa jirgi da su. Yanzu jirgi biyu ke nan. Wanne ne na Tesiyas?

Bari mu auna amsoshin ɗaya ɗaya.

Na farko ya ce: abu shi ne kayan da aka yi shi da su. Maganarsa tana da ƙarfi, kasuwa ma tana bayansa. A motocin nan akan buga lamba jikin inji wadda ta dace da lambar jikin mota. Motar da lambobinta suka dace, wato tana tare da injin da aka haife ta da shi, ta fi tsada nesa. Amma in muka bi wannan magana har ƙarshenta, ranar da aka sake taya guda mota ta fara zama wata. Ba wanda ya yarda da haka. In kuwa taya guda ba ta canza ta ba, taya ta biyu fa? Ƙofa fa? A wane ƙarfe za ka tsaya ka ce nan ta ƙare?

Na biyu ya ce: abu shi ne siffarsa da aikinsa. In tana da kamar GTO, tana kuka kamar GTO, tana gudu kamar GTO, to GTO ce. Wannan ma da gaskiyarsa, amma ya buɗe ƙofar zamba. GTO ta 1964 daga jikin wata mota mai araha aka yi ta, wadda ake kira LeMans. Mai wayo yana iya sayen LeMans, ya sa mata babban inji da tambari, ta fito sak. Siffa ɗaya, aiki ɗaya, amma ba ita ba ce, domin ba ta taɓa fitowa daga masana'anta a GTO ba.

Ni ga abin da na gani. Abin da ke riƙe da sunan abu shi ne zaren tarihinsa da bai tsinke ba. Hauyarka ta babanka ce domin daga hannunsa ta zo hannunka, ba ranar da aka yar da ita aka sayo wata. An sake ƙota ruwa yana nan, an sake ruwa ƙota tana nan. Kowane sabon abu ya tarar da tsoho ya zauna tare da shi. Dubi hasumiyar masallacin Agadas. An gina ta da ƙasa wajen 1515, an sabunta ta a 1844, ana kuma yi mata yaɓe in ruwa ya ci ta. Ba wanda ke cewa wata hasumiya ce. Da an bar yaɓen don kada a taɓa ƙasar farko, da yau babu hasumiyar. Mota ma haka take. In an ajiye ta ba tuƙi, mai ya lalace cikin tanki, man birki ya sha ruwa, robobi su bushe. Ashe canji na cikin abin da ke raya ta.

Amma zaren tarihi ido ba ya ganinsa. Baki ne ke faɗinsa, takarda ke riƙe shi. Nan ne tambayar ta tashi daga kan ƙarfe ta koma kan mutum. Mai gyara ne kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashin fenti. Shi ya san wurin da ya yi waldar ƙarfe mai kyau, da wurin da ya cika rami da ƙullu ya shafe. In ya faɗa, motar da aka sake wa rabin jiki tana da mutuncinta, mai saye ya biya abin da ya sani. In ya ɓoye, ya sayar da tarihin da babu shi. Wasu har sukan cire farantin lamba daga ruɓaɓɓiyar mota mai tsada su liƙa wa wata. Dokar Amurka ta ɗauki ɓata lambar mota don zamba babban laifi.

Ga wani labari na gaske. A 1968 an yi wani fim mai suna Bullitt, inda ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa koriyar Mustang a titunan San Francisco. A 1974 wani mutum ya sayi motar, iyalinsa suna hawa kamar kowace mota. A 1977 McQueen ya rubuto yana so ya saye ta, mutumin bai sayar ba. Wajen 1980 ta lalace, aka ajiye ta. Bayan rasuwar mutumin, ɗansa ya gyara inji ta tashi, amma bai taɓa fentin ba. Ya bar ƙwarzane da tsatsa da lotsawa yadda suke. A watan Janairu na 2020 aka yi gwanjonta a jihar Florida, ta kai dala miliyan 3 da dubu 740. Akwai dubban Mustang da suka fi ta sheƙi, ba su kai ko kusa ba. Mutane sun biya kuɗin tarihin da kowa ya tabbatar, wanda ba a shafe ba.

Kada ka ɗauka daga nan cewa barin tsoho kullum shi ne daidai. Yawancin motocin nan an yi su da birki mai rauni bisa ga ƙarfin injinsu. Wanda zai ɗauki ƴaƴansa ya hau hanya, ya ƙi sa birki mai kyau don kada darajar mota ta ragu, ya fifita ƙarfe bisa rai. Ya sake birkin, ya ajiye tsohon cikin akwati, ya rubuta ranar da ya sake. Da haka ya tsare rai, ya kuma tsare gaskiya.

Wataƙila ka ce: ina ruwana da motocin Amurka? Ba ka da Mustang, ni ma ba ni da ita. Amma kana da keke ko amalanke ko rediyo da ka sha kaiwa gyara. Wata rana za ka sayar. Gyartai ba ya ɓoye ɗinkinsa, a fili yake bisa ƙwarya, mai saye ya gani ya yi ciniki. Gyara ba abin kunya ba ne, alama ce an kula da abu. Abin kunyar shi ne a shafa fenti bisa tsaga, a rantse ba ta taɓa karyewa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa amalanken ya riga ya karye da kayan wani a tsakiyar daji.

Saboda haka ga amsata. Hauyar ta babanka ce, muddin ba ka yar da ita ba, kuma in ɗanka ya tambaya ka gaya masa: ƙotar nan ni na sa, ruwan nan maƙerin garinmu ya ƙera, amma daga hannun kakanka ta fito. In kun taru da dare, ka ɗauko hauyar ka ajiye a tsakiya, ka yi wa abokanka tambayar. Wani zai ce ita ce, wani zai ce wata ce. Sa'annan ka tambaye su na jirgi biyun nan, ka ji wanda za su zaɓa.