Hukuncin Feɗe Gawa Domin Koyon Likitanci

Wani dattijo daga Kurfi ya same ni a Dutsin-Ma bayan sallar Juma'a, ya ce zai raba 'yarsa da karatun likita a Zariya, don ya ji ana feɗe gawa a gabansu.

Tsoronsa yana da tushe. Abu Dawuda ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah (SAW) ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya na mai rai. To, amma likitanci farilla ce ta kifaya, kuma wanda bai ga yadda jijiya ta kwanta ba, yaya za a ba shi wuƙa ya yi wa mai naƙuda tiyata?

A 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka, ta halatta wannan aiki bisa sharuɗɗa: kada a wuce gwargwadon larura, a sami izinin mamacin tun yana raye ko na magadansa in an san shi, sa'an nan a binne kowace gaɓa.

Na ce masa, "Alhaji, ƙyale ta. Mu ne fa masu kukan rashin likita mace in iyalinmu sun kwanta asibiti."