Agogon da Allah Ya Ɓoye a Cikin Gansakuka

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai jujjuya dare da rana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Manomin rani a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, wanda ke ban ruwa daga madatsar Bakolori, ya saba ganin ruwan da ya kwanta ya yi kore shar. Abin da ke rina irin wannan ruwa shi ne dangin gansakuka, kuma a cikinsu akwai masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Ɗaya daga cikinsu masana suna kiranta Yugilina. Ba ta da ƙwaƙwalwa, amma ta san lokaci. Da rana takan yi iyo zuwa wajen haske, da dare himmarta ta ragu. Ko an tsare ta inda ba alamar fitowar rana ko faɗuwarta, takan yi kwanaki tana riƙe da wannan tsari.

A shekarar 1967 wani masani a Amurka, Jerry Feldman, ya sa mata maganin da ke tauye ƙera furotin, wato sinadarin da jiki ke gina kansa da shi. Sai agogonta ya soma jinkiri, kewayensa ya zarce sa'o'in da ya saba. Wannan ya nuna cewa agogon halitta yana tafiya ne da ginin da ake sabuntawa kullum, in an tauye ginin sai lokaci ya rikice.

To, a nan akwai wa'azi ga masu hankali. Ɗan Adam ma an sa masa irin wannan agogo a jikinsa, sa'an nan aka ɗora masa salloli biyar, kowace da lokacinta. Saurayin da ya mai da dare rana, yana hira ko latsa waya har kusan asalatu, shi ne ke tauye ginin da hannunsa. Yau Asuba ta kuɓuce masa, gobe ya makara zuwa gona, jibi ladan ya yi kira bai ji komai a zuciyarsa ba.

Maganin abin shi ne maimaitawa: kwanciya bayan Lisha, tashi kafin alfijir, yau da gobe. Haƙƙi ne a kan iyaye su tsaya wa 'ya'yansu a kan haka, domin za a tambaye su kiwon da aka ba su.

Allah Ya sa bayinSa su kiyaye lokutansu, amin.