SARƘAR BABUR DA RAN FASINJA: YAUSHE JINKIRI KE ZAMA LAIFI?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobi da ƙarfe domin su ɗauke masa wahalar tafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, wata rana bayan sallar La'asar a nan Droum, wani saurayi ɗan kabu-kabu ya tsaya har jama'a suka watse, sannan ya durƙusa ya ce: "Allah gafarta Malam, makaniki ya ce mini sarƙar babur ɗina ta kusa ƙarewa, ƙafar baya kuma tana rawa saboda boris ya mutu. Abin da ke hannuna bai wuce kuɗin hatsin gida ba. In na ci gaba da ɗaukar mutane zuwa Damagaram har in tara kuɗin gyara, ina da zunubi?" Na ce masa: "Ƙanena, tambayarka ta fi ƙarfin amsar tsaye. Tashi mu je wurin mai sana'ar tukuna." Dalili kuwa shi ne Alƙur'ani, a cikin Suratun Nahli aya ta 43, ya umarce mu da komawa ga masana a kan abin da ba mu sani ba, kuma hukunci ba ya sauka daidai sai an san haƙiƙanin abin da ake yi wa hukuncin.

Abin da ƙarfe ke faɗi kafin ya karye

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, sarƙar babur, wadda makanikai ke kira cen, ba ta tsinkewa ba tare da ta yi gargaɗi ba. Mutane kan ce ta miƙe, alhali kuwa ƙarfe ba ya miƙewa kamar igiya. Ƙananan ƙusoshin da suka haɗa gaɓoɓinta ne ke cinyewa kaɗan kaɗan, sai tsawonta ya ƙaru. A ƙasarmu ta yashi cinyewar ta fi sauri, domin idan rairayi ya gauraya da mai a kan sarƙa yakan zama kamar dutsen washi.

Masu sana'a suna da ma'auni. Sarƙa mai lafiya a ƙananan babura, idan aka taɓa tsakiyarta, tana motsi sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. Idan ta saki sai a ja ƙafar baya a ɗaure, ba komai. Amma idan wurin ja ya ƙare, ko aka jawo sarƙar daga bayan faifan haƙoran da take hawa har rabin haƙori ya bayyana, ko aka juya ƙafa aka ga tana ɗaurewa a wani wuri tana saki a wani, ko haƙoran faifan suka yi tsini suka lanƙwashe kamar ƙayar magarya, to kwananta ya ƙare. Mai son tabbaci yana iya aunawa: a sarƙa mai lamba 428, wadda yawancin ƙananan babura ke aiki da ita, gaɓa 20 sabuwa tsawonta milimita 254 ne, idan kuwa ya kai wajen 259 ta kai iyakarta. Cire gaɓa ɗaya domin a gajarta ta, kamar yadda wasu ke yi, ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Ɗora sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora kuma asara ce, domin za su cinye ta da wuri. Tare ake sauya su.

Shi kuwa boris, wato zoben nan mai ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ƙafa ke juyawa a kansa, a ɓoye yake, ido ba ya ganinsa. Ana ɗaga babur a kan jakinsa na tsakiya, a kama ƙafa sama da ƙasa a girgiza ta gefe da gefe. Idan ta yi rawa, ko aka juya ta aka ji gurnani, ko cibiyarta ta yi zafi bayan gajeriyar tafiya, to ya mutu. Ruwan damina da ake kutsawa a kwazazzabai shi ke wanke masa giris ya bar shi da tsatsa.

Ƙarshen sakaci da waɗannan abubuwa biyu sananne ne. Sarƙa tana iya tsinkewa ko ta zame ta naɗe, ƙafar baya ta ƙame nan take alhali ana cikin gudu. Boris yana iya farfashewa, babur ya ƙwace daga hannun mai tuƙi. Wanda ke zaune a baya, ko tsohuwa ce ko mai ciki ko ɗalibi, bai san komai ba sai ya ji shi a ƙasa.

Tsakanin almubazzaranci da sakaci

To, a nan tambayar take. Shari'a ta hana ɓarnar dukiya, ta kuma hana jefa rai cikin halaka. Suratul Furƙan aya ta 67 ta yabi bayin Allah da cewa suna tsayawa tsaka-tsaki wajen ciyarwa, tsakanin wuce iyaka da ƙuntatawa. Suratul Baƙara aya ta 195 kuma ta hana mutum ya kai kansa ga halaka da hannunsa. Wanda ya jefar da sarƙar da shara da ɗigon mai kawai take buƙata, ya yi ɓarna, ya kuma tauye abincin iyalinsa. Wanda ya ci gaba da ɗaukar mutane a kan ƙafar da ke rawa, ya sayi tsimin kuɗi da jinin wani.

Malaman usulu, irin su Imamu Shaɗibi, bamalike ɗan Andalus wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira (1388), sun bayyana cewa Shari'a ta zo ne domin kare abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Idan biyu suka yi karo, rai yana gaban dukiya. Saboda haka muddin lalacewar ba ta kai ga barazana ga rai ba, tattalin dukiya shi ne daidai. Da zarar ta kai, maganar tattali ta faɗi.

Abin da na fahimta, Allah ne Mafi sani, shi ne lokacin sauya ƙarfe yana zuwa ne ranar da alama ta bayyana kuma mai shi ya sani. Ranar karyewa ta riga ta makara. Sani shi ke ɗora nauyi. Wanda sarƙarsa ta tsinke saboda wani aibi ɓoyayye, bayan ya duba iyakar iyawarsa, hukuncinsa daban ne da na wanda aka gaya wa, ya ji da kunnensa, ya ce bari mu ƙara mako guda. Kuma mai ɗaukar mutane da lada ba a karɓar masa uzurin cewa bai duba ba, domin dubawar tana cikin amanar da ya karɓi kuɗi a kanta.

"Tsautsayi ba ya wuce ranarsa"

Wani zai ce: ai abin da Allah Ya rubuta ba makawa, sabuwar sarƙa ma tana tsinkewa. Gaskiya ne ƙaddara haƙƙi ce, kuma imani bai cika sai da ita. Amma ƙaddara abin rarrashi ce bayan musiba ta auku, ba a kafa hujja da ita domin barin aiki tun kafin ta auku. Tirmizi ya ruwaito labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka umarce shi da ya haɗa biyun, ɗaurewa da dogaro. Sayyidina Umar (RA) kuma, da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma bayyana wa wanda ya yi masa inkari cewa juyawar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah.

Kakanninmu na Damagaram, mahaya dawaki da madugan ayari, sun san wannan. Ba wanda ke ɗora ƙafa a likkafa bai taɓa majayi ya ji ƙarfinsa ba, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan raunin tawakkali. Mu ne kawai muka sauya abin hawa muka manta da ladabinsa, ga shi kuwa namu ya fi nasu gudu.

Wa zai ɗauki alhaki?

Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira (996), wanda kuma ake karantawa a zaurukanmu, ya tabbatar da lamuni a kan mahayin dabba da mai jan ta da mai kora ta game da abin da ta taka. A zamaninmu, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai cikin shekarar 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma mai tuƙi yana ɗaukar lamunin cutar da ya jawo, sai fa idan abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata. Sarƙar da aka yi maka gargaɗi a kanta ba ta shiga wannan togiya. Suratun Nisa'i aya ta 92 ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, kaffarar kuwa ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba ita ce azumin wata biyu a jere. Sai mai hankali ya auna wannan da kuɗin boris. Lamarin kuma ba ƙarami ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a haɗurran hanya a shekarar 2021, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Sai dai zalunci ne a jibga wa ɗan kabu-kabu nauyin shi kaɗai. Mai babur da ya ba yaro haya, yana karɓar kuɗinsa kowane maraice amma in an ambaci gyara sai ya murtuke fuska, yana da kaso a cikin alhakin. Makaniki yana da nasa ta fuska biyu: idan ya ce abu ya mutu alhali da sauransa domin ya sayar da kaya, ya ci haram, idan kuma ya ga haɗari ya yi shiru, ko ya sa jabu ya karɓi kuɗin na ƙwarai, ya ci amana, kuma mazhabar Imamu Malik ta shahara da ɗora lamuni a kan masu sana'a game da abin da aka damƙa musu. Mai sayar da tsohon babur da ya cika boris da giris domin gurnani ya ɓuya har ciniki ya faɗa, ya tuna da hadisin da Muslim ya ruwaito na mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙarƙashin busasshe, da irin tsawatarwar da ya sha. Mu ma fasinjoji, da muke hawa mu uku da buhu a kan babur guda sannan mu yi ta ja-in-ja a kan kuɗin mai, muna cikin masu cinye sarƙar.

Amsar da saurayin ya samu

Da muka je, makaniki ya duba a gabanmu. Sarƙa tana da ɗan sauran wurin ja, haƙora ba su lanƙwashe ba tukuna. Ƙafar baya kuwa tana rawa ƙarara. Sai na ce masa lamarinsa mataki uku ne. Na farko, abin da kulawa kawai yake so: a wanke, a sa mai, a ɗaure, sauya shi ɓarna ce. Na biyu, abin da ya kusa iyaka bai kai ba, kamar sarƙarsa: ya halatta ya ci gaba da aiki, da sharaɗin ya rage kaya da gudu, ya duba ta kowace safiya, ya kuma sa ranar sauyawa yana ajiye wani abu kullum dominta, don ba a fafe gora ranar tafiya. Na uku, abin da ya kai iyaka, kamar boris ɗinsa: wannan ba shi da jira, kada ya ɗauki kowa sai ya sauya, kuma duka biyun na ƙafar ake sauyawa tare. Cikin rahamar Allah, boris ya fi sarƙa da haƙoranta araha nesa ba kusa ba. Wani dattijo daga cikin masallata ya ranta masa kuɗin a ranar, ya biya cikin 'yan kwanaki.

A nan akwai darasi ga jama'ar kowane masallaci. Talauci uzuri ne na gaskiya, mun kuma ga yadda kayan da ke shigowa daga Kano suka yi wuya lokacin da aka rufe iyaka a 2019 da kuma 2023. Amma talaucin mai tuƙi ba ya halatta jinin fasinja. Abin da yake yi shi ne ya ɗora wa masu hali nauyin taimako. Rance mai kyau ga saurayin da ya tsayar da babur ɗinsa don tsoron Allah, ko adashen gyara tsakanin 'yan kabu-kabu na tasha guda, ya fi gudummawar da za a tara bayan an kwantar da mutum a babban asibitin Damagaram. Waɗannan babura su ne ke kai matanmu haihuwa da dare, su ke kai marasa lafiyarmu, su ke kai amfanin gonarmu Kasuwar Dole. Lafiyarsu ta shafe mu duka.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai babur, gobe da safe kafin ka tayar, karanta addu'ar hawa, sannan ka sunkuya ka taɓa sarƙa, ka girgiza ƙafa. Abin da hannunka ya ji, ka riga ka sani, kuma za a tambaye ka a kansa.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu a kan hanyoyinmu, Ya sanya albarka a sana'o'inmu, Ya kiyashe mu ɗaukar alhakin rai. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.